Tanti mai murhu don farautar cikin duwatsu: ku da kuka kwana a ciki, me kuka gani?

Bakano a Denver

Assalamu alaikum. Bana Allah ya sa na samu lasisin farautar elk, wata irin babbar barewa, na watan Nuwamba a nan Kolorado. Mu biyu ne, ni da abokin aikina. Za mu ajiye mota a bakin hanya mu nausa duwatsu da ƙafa, kowa da kayansa a baya. Tantin da nake da shi na rani ne, shi ya sa nake son in sayi irin wanda ake hura murhu a cikinsa, mai ƙofar bututun hayaƙi a rufi. Na duba na kamfanonin Seek Outside da Kifaru, na ga kuɗin ba na wasa ba ne. Kafin in zuba kuɗina ina son jin ta bakin waɗanda suka taɓa kwana a cikin irinsa: wane girma, wane yadi, kuma murhun yana kai mutum asuba?

Dattijon Alberta

Wa alaikumus salam, ɗana. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don a nan mutane suka fi yaudarar kansu. Murhun irin wannan tanti, wanda ake yi da ƙarfen taitaniyam mara nauyi, ba ya kai kowa asuba. Ƙarfensa siriri ne ƙwarai, cikinsa kuma ƙarami, ƙirare da ƙananan itace kawai yake ci. Ka cika shi, nan da nan tanti ya ɗauki zafi har ka tuɓe rigar sanyi. Ka bar shi ba ƙari, kafin awa guda ya mutu, sanyi ya dawo kamar ba a taɓa hura wuta ba. Saboda haka jakar barcinka da shimfiɗar da ke raba ka da ƙasa su ne za su kwana da kai. Ka saye su daidai da sanyin wurin, kamar babu murhu sam.

To mene ne amfaninsa? Amfaninsa babba ne, ni dai ba na shiga daji a ƙarshen kaka ba tare da shi ba. Ka yini kana bin sawu cikin dusar ƙanƙara, safa ta jiƙe, takalmi ya jiƙe, gumi ya sanyaya a jikinka. Ka dawo da magariba ka hura wuta, ka rataye kaya a igiya, kafin isha sun bushe. Wanda ba shi da wurin busar da kaya kuwa, jiƙa a kan jiƙa zai yi ta tarawa har ya haƙura ya koma mota, elk na nan a daji. Sannan ga asuba. Tun dare nake tara ƙirare kusa da kaina, in miƙa hannu daga cikin jaka in kunna, in ɗora tukunya. Da ruwan ɗumi nake alwala, in yi sallata a natse ba jiki na kaɗawa ba. Wannan kaɗai ya biya ni nauyin da na ɗauko.

Batun girma, kada lambar da suke rubutawa ta ruɗe ka. In sun ce na mutum huɗu ne, to ba a sa murhu a lissafin ba. Murhu da tarin itace suna cinye wurin mutum ɗaya ko fiye, ga jakunkuna, ga bindigogi. Ku biyu, na mutum huɗu za ku nema. Tanti da murhu da bututu gaba ɗaya suna iya tsayawa kusa da kilo 3, in kun raba ba wanda zai ji. Ka tuna in Allah ya ba ku sa'a, nama ma a baya zai fito, kuma naman elk ba a sahu ɗaya ake kwaso shi ba.

Ɗan Damagaram a Montana

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara lafiya. Zan ƙara da raɓa. Waɗannan tantuna yadi ɗaya ne, yawancinsu kuma ba su da shimfiɗar ƙasa. Numfashinku da danshin ƙasa suna taruwa a jikin yadin ta ciki, cikin dare su daskare. Da ka hura wuta da safe sai su narke su fara ɗiga a kan jakar barci. Maganin da na samu shi ne labulen ciki da ake ratayawa, ko rabi ne ta ɓangaren da ake kwanciya, da kuma ɗaga gefen tanti kaɗan iska ta riƙa ratsawa. Kada ku kafa a kwari ko gab da rafi, nan sanyi da danshi ke kwana.

Yadin nailan mai silikon yana saki in ya jiƙe, sai an tashi an ƙara ɗaure igiyoyi. Wani yadin da ake kira Dyneema ba ya saki, ya fi sauƙin nauyi, amma tsadarsa ta yi nisa, kuma yana narkewa tun wajen digiri 150 na ma'aunin Selsiyus, nailan kuwa sai ya haura 200. Ni na tsaya a nailan. Tartsatsin itacen bishiyar fayin sai ya huda rufi ko ba jima ko ba daɗe, kuma faci a kan mai arha bai kai ciwo ba.

A nan wajenmu akwai beyar irin girizli, don haka ruwa kaɗai nake tafasawa a cikin tanti. Girki da ajiyar abinci da nama can nesa.

Maman Hanan, Minnesota

Yayyena, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma nakan bi maigida farautar barewa a arewacin jiharmu. Don Allah kada a manta da gubar hayaƙi. Duk wanda ya tashi a gida ya ji labarin iyalin da suka kwanta da janareta a cikin gida, ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki da hunturu, aka wayi gari ba su tashi ba. Iskar kabon monoksaid ce, ba ta da wari ba ta da launi. A tanti takan taru idan toka ta toshe ragar da ke tare tartsatsi a bututu, ko aka rufe maƙogwaron bututun da yawa don wuta ta daɗe, ko dusar ƙanƙara ta danne gefen tanti ta hana iska shiga. Mun taɓa farkawa da ciwon kai mu duka biyu bayan daren da aka zuba dusa, da muka leƙa sai ga ragar ta toshe. Yanzu kullum sai an kakkaɓe ta, kuma ƙaramar na'urar gargaɗi mai batir tana rataye a dirkar tsakiya. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya: a fita waje tukuna, a yi bincike daga baya.

Ɗan Zangon Kumasi a Aidaho

Ni kam ra'ayina ya ɗan bambanta, Baba ya yi mini afuwa. Da baka nake farauta a watan Satumba, kuma kusan kullum sai na tashi sansani na bi inda elk suka koma. Mai irin wannan yawo, lokacin nemo itace da yankawa da naɗe bututu mai baƙin hayaƙi asara ne gare shi. Murhu na wanda zai kafa wuri ɗaya ne ya riƙa fita yana dawowa.

Sannan, ɗan'uwa Bakano, ka bincika dokar hana wuta ta dajin da za ku shiga kafin ku tashi. A 2020 gobarar Cameron Peak ta kama a jiharku tun Agusta ba a shawo kanta ba sai Disamba, ga ta East Troublesome a Oktoba, ana tsakiyar lokacin farauta. Idan dokar ta kai mataki na biyu, murhun itace ma yakan shiga cikin abin da aka hana. Haka kuma in kun haura inda bishiyoyi suka ƙare, wajen mita 3,500 a Kolorado, babu abin da za ku ƙona.

Bakano a Denver

Allah ya saka muku da alheri. Mu wuri ɗaya za mu kafa, ƙasa da iyakar bishiyoyi, don haka na tsayar da shawara a kan na mutum huɗu, na nailan, da rabin labule, da na'urar da Hajiya ta ce. Baba, akwai abin da ya kamata in yi kafin ranar tafiya?

Dattijon Alberta

Akwai. Bututun nan falle ne na ƙarfe da ake naɗewa, karon farko yana da gardama, bakinsa kuma yana yanka hannu. Ka sa safar hannu, ku naɗe shi ku biyu a bayan gida, ka hura wuta mai ƙarfi. Da zarar ya sha zafi sau ɗaya zai riƙe siffarsa. Ka kafa tantin ma a gida har hannunka ya saba, ka shafe ɗinkin da silikon idan ba a shafe ya zo ba. Ka tafi da ƙaramin zarto da turaku masu tsawo, don iska a can sama ba ta da sauƙi. Idan kun isa kuma, ka ɗaga kai kafin ka kafa turke: ƙwari sun kashe bishiyoyi da yawa a dazuzzukanku, suna nan tsaye a bushe. Ku ɗebi itacensu, amma kada ku kwana a ƙarƙashinsu. Allah ya ba da sa'a, kada ka manta da bisimilla kafin harbi.