Matakala mai milimita 150 tana nuna 750 a AutoCAD, in gyara da lissafi ko in sake tsari?

Nura, Tudun Wada:
Assalamu alaikum, manyanmu. Na zana bene da milimita a AutoCAD, manhajar zane ta kwamfuta, zan buga shi a takardar A1 a sikeli 1:100. Na kwafi matakalar na ninka girmanta sau 5 a gefe domin ta fito a 1:20, sai ga tsayin taki na 150 yana nuna 750. Jibi mai gidan zai kai takardunsa KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna. In gyara da lissafi ne, ko in koma leyawut, wato shafin tsara takardar bugawa na AutoCAD, gaba ɗaya?

Akitek Maryam, Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam, ƙanena. A cikin saitin ma'auni na AutoCAD, DIMSCALE girman rubutu da kibau kawai yake canzawa; idan ka sa masa 100, rubutun milimita 2.5 na takarda zai zama 250 a cikin zane. Wanda yake taɓa lambar kanta shi ne DIMLFAC. Ka ware wa matakalar salon ma'auninta, ka sa masa 0.2, amma ka bar DIMSCALE a 100 tunda takarda ɗaya za su hau.

Malam Sabo, Rigasa:
Ni da ƙafa da inci nake aiki, domin su birkila ya sani. Idan kwatan inci ne a madadin ƙafa ɗaya, 12 sau 4 ya ba ka 48, wato sikeli 1:48, magana ta ƙare.

Injiniya Garba, Kawo:
Duk wannan lissafin yana iya mutuwa a shagon bugawa. Na taɓa aika zanen A1, yaron shago ya ga babbar na'urarsu ta lalace, sai ya matse shi a A3 bai gaya wa kowa ba. A3 rabin A1 ce a tsawo da faɗi, saboda haka 1:100 ya koma 1:200, alhali rubutun sikelin da ke ƙasan takarda yana nan yadda yake. Akwai wani lungu tsakanin ɗakuna mai mita 1.8, magini ya ɗora rula ya ga milimita 9, ya ware santimita 90. Sai da bulo ya kai linta sannan aka kira ni. Aka rushe, mai gidan ya cire kuɗin siminti da na lebura daga haƙƙina, mai shago kuma ya rantse cewa bai san maganar ba.

Aminu, Barnawa:
Allah ya mayar da alheri, Injiniya. Amma da an bar lungun nan, ai baƙo mai tumbi ba zai taɓa wuce falo ba, an rage wa uwargida girki.

Malam Sabo:
Rowa ce ke jawo haka. Naira 1,500 nake buga A1.

Aminu:
Malam, ko dai ka nuna mana shagon, ko kuma farashin bara kake faɗa, domin 3,000 na biya a makon jiya.

Akitek Maryam:
Injiniya, da girmamawa, ba a auna zane da rula. Abin da babu lamba a kansa tambaya ake yi. Nura kuma, idan ka samu sarari ka koma leyawut, domin tun AutoCAD 2008 akwai ma'aunin da yake bin sikelin tagar leyawut ɗin da aka duba shi ta ciki.

Injiniya Garba:
Hajiya, wannan ƙa'idar aji ce. Wanda bai tsaya a rana da magina ba bai san cewa rula ce amintacciyarsu ba, kuma shawarar fili ta fi ta ofis.

Aminu:
Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne masu gida da suke karɓar fayil ɗin DWG, wato ainihin zanen AutoCAD da ake iya sauyawa, da sunan za su buga da kansu. Wani ya karɓi nawa, wanda na zana wa fili mai ƙafa 50 da 100, ya sa an matse shi a filin ɗan'uwansa da bai kai haka ba, ƙofofi da kaurin bango duk suka ragu tare, sunana kuma yana jikin takardar. Yanzu PDF kawai nake bayarwa, shi ma sai an cika kuɗina.