Laftof na nauyi da zarar an zare caja: batir ne ko saiti?

Ɗan Makaranta: Assalamu alaikum. Laftof ɗin Core i5 ce, Windows 11. A kan caja firosesa na kaiwa 3 GHz, ina zarewa sai Task Manager ya nuna 0.79 GHz. Power mode yana kan Best performance. Mai gyara ya ce batir ne. In saya, ko akwai abin dubawa tukuna?

Na Sabon Gari: Sa Power mode a kan Best performance, shi ke nan.

Injiniya: Ai ya ce ya sa. Ƙanena, shiga Control Panel, Power Options, Change plan settings, Change advanced power settings, Processor power management. Duba Maximum processor state na On battery, ka mayar da shi 100%. In bai sauya ba, buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. A rahoton da zai fitar, kwatanta Full charge capacity da Design capacity. In na farkon ya faɗi ƙasa da rabin na biyun, mai gyaranka bai yi ƙarya ba: tsohon batir ba ya iya ba da wutar da firosesa ke nema, sai allon cikin laftof (motherboard) ya aika masa siginar rage gudu mai suna BD PROCHOT, ya maƙale a 0.79.

Mai Shago: Manhajar ThrottleStop zai sauke, ya cire alamar BD PROCHOT. Kyauta ne.

Injiniya: Kariya ce kake cewa ya cire. In batirin ya gaji, laftof za ta mutu tsakiyar aiki.

Mai Shago: Kai a littafi ka karanta, mu kullum suna kan teburinmu. Batir na asali ya ninka na gama-gari a kuɗi, ɗalibi zai iya?

Hajiya Kwamfuta: Bai kai ninki ba, ya danganta da samfuri. Amma ɗana, fara duba wurin da ake goga yatsa (touchpad). In ya ɗago, batirin ya kumbura, ka daina sa masa caja.

Na Sabon Gari: Ko ka bar ta a jone, in masu wuta sun yarda.

Mai Shago: Jonawar ma sai da caja ta gari. Na Dell suna da siririn tsinke a tsakiyar kai, da shi laftof ke gane caja. Jabu ba ta aika komai, BIOS (manhajar da ke tayar da laftof) ya rubuta Unknown, gudu ya ragu, batir ya ƙi ɗauka. Ga masu manna 65W a kan caja mai 45W, su sa ta a kwali sabo fil.

Hajiya Kwamfuta: Ku riƙa gwadawa a shagon kafin ku biya. In Dell ce, danna F2 in tana tashi, BIOS zai nuna wat nawa ta gani.