Abin da aka tattauna kan ragowar magunguna a ruwan rijiya

Jama'a, zancen da aka yi kan yadda ragowar magunguna ke shiga ruwan rijiya da abin da za a yi a kai ya yi tsawo, ga abin da na tsinto.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Jiki ba ya narkar da magani duka. Saura na fita ta fitsari da bayan gida, ya tsiyaya daga masai ko sokawe, ya ratsa ƙasa har ya iske ruwa. Haka ma kashin dabbobin da aka yi wa allura, da maganin da ya lalace aka watsar a bola.

2. Ƙasa mai yashi na saurin wuce da shi, musamman da damina in ruwa ya taso. Ta laka tana ɗan riƙewa. Wasu magungunan, irin carbamazepine na farfaɗiya, ba sa ruɓewa da wuri.

3. A bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya. A gidajenmu na cikin gari kuwa, wannan sai a hankali.

4. Tafasa ruwa ƙwayoyin cuta yake kashewa, ba ya cire magani. Matatar gawayin musamman tana ragewa.

Inda aka rabu:

Wasu sun ce adadin kaɗan ne ƙwarai, kwalara da taifot suka fi gaggawa. Wasu suka ce ko kaɗan ɗin na koya wa ƙwayoyin cuta bijire wa magani, suka kawo misalin Patancheru kusa da Hyderabad a Indiya, inda a 2007 aka samu ciprofloxacin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, mai yawa a ruwan dattin masana'antun magani, daga baya har cikin rijiyoyin ƙauyuka.

Batun ƙona tsohon magani a gida ma ba a daidaita ba. Mafi yawa sun ce a mayar kemis.