Da gaske ne jariri yana bambance sautukan kowane harshe kafin ya shekara?

Malama Hadiza

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka yi nisa ne a ilimin furuci da tsarin sauti. An sha faɗa mana cewa ana haihuwar jariri yana iya bambance sautukan kowane harshe na duniya, amma kafin ya cika shekara ɗaya sai wannan baiwa ta gushe, ya rage ba ya tantance komai sai sautukan harshen da ake yi a kusa da shi. Maganar ta tsaya mini a rai saboda dalilai biyu. Yaron da ko kalma ɗaya bai furta ba, ta yaya aka gane abin da kunnensa ya rarrabe? Sannan idan aka ce "kowane harshe", harsuna nawa aka gwada? An gwada tunkuɗau irin ƙ da ts, ko haɗiyau irin ɓ da ɗ, ko karin sauti, ko kuwa Turanci da danginsa aka duba aka yanke wa sauran hukunci?

Malam Nasiru

Wa alaikumus salam, Malama. Zan ɗauki tambayar farko, domin ita ce mai amsa a sarari. A shekarar 1971 Peter Eimas da abokan aikinsa a Amurka sun gwada jarirai 'yan wata ɗaya da 'yan wata huɗu ta hanyar auna yadda suke tsotson wata roba da aka haɗa da na'ura. Ana ta maimaita wa jariri gaɓar "ba" har ya gaji da ita tsotson ya ragu, sai a sauya zuwa "pa". Idan tsotson ya sake ƙarfi, to ya ji an sauya.

Binciken da ya haifar da maganar shekara ɗaya kuwa na Janet Werker da Richard Tees ne a Kanada, wanda aka buga a 1984. Ana zaunar da yaro a cinyar mahaifiyarsa, wani yana gabansa yana ɗauke masa hankali, lasifika kuma tana gefe tana maimaita gaɓa ɗaya. Da zarar gaɓar ta sauya, sai wani akwati mai duhu ya haskaka, 'yar tsana ta fara motsi a ciki. Ba a daɗewa yaron yake gane cewa sauyin sauti ne ke kawo 'yar tsanar, sai ya fara waiwayawa tun akwatin bai haskaka ba, kuma wannan waiwayen ake lissafawa. Ana toshe kunnen uwar da kiɗa don kada ta ji sauyin ta motsa, yaron ya bi ta.

Yawancin yaran daga gidajen masu Turanci suke. An gwada su da gaɓar "ta" iri biyu ta harshen Hindi, ɗaya ta haƙori ɗaya ta naɗe-harshe, da kuma tunkuɗau biyu na wani harshen Salish na yammacin Kanada: ɗaya bahanɗe kamar ƙ ɗinmu, ɗayan kuma ana yin sa can baya a wajen beli. 'Yan wata 6 zuwa 8 kusan duk sun bambance, 'yan wata 10 zuwa 12 kuwa akasarinsu sun kasa, alhali 'yan tsirarun yaran masu Hindi da Salish da aka gwada a wannan matakin ba su sami matsala ba. Ke nan an gwada tunkuɗau tun farko.

Malama Zulai

Bayanin Malam Nasiru daidai ne, amma ina roƙon a yi hattara da kalmomin "kowane" da "gushe", domin binciken da ya biyo baya bai goyi bayan ko ɗaya daga cikinsu ba. A 1988 Catherine Best da abokan aikinta sun gwada masu Turanci da sautukan nan na harshen Zulu da ake yi da ɗan tsotsar iska, masu kama da tsaki. Manya sun bambance su, yara ma har 'yan wata 14 sun bambance su. Bayanin da ta bayar shi ne, waɗannan sautuka ba su yi kama da komai ba a Turanci, don haka kunne bai jefa su cikin wani rukuni da ya saba da shi ba. Inda ake shan wahala shi ne inda baƙin sautuka biyu suka faɗa cikin rukuni ɗaya na harshen uwa, kamar yadda mai koyon Hausa yake jin "baki" da "baƙi" a matsayin kalma ɗaya. Kunnensa lafiya lau, ƙwaƙwalwarsa ce ta saba ɗaukar wannan bambanci a matsayin abin da ba ya sauya ma'ana.

Akwai kuma bambancin da jariri ba ya zuwa da shi, sai ya koya. Chandan Narayan da Werker da Patrice Beddor sun nuna a 2010 cewa gaɓar "na" da "nga" ta harshen Filifino ta gagari ƙananan jarirai, har da 'ya'yan masu harshen, sai da 'ya'yan masu harshen suka kai wata 10 zuwa 12 sannan suka tantance su. Haka kuma a gwajin sautukan r da l na Turanci da Patricia Kuhl ta buga a 2006, yaran Japan sun ja baya kafin su shekara, amma na Amurka sun ƙara ƙwarewa a kan yadda suke da. A ganina wannan ya fi kama da daidaita kunne da bukatar harshe fiye da asarar wata baiwa.

Karin sauti ma an gwada shi. Karen Mattock da Denis Burnham sun yi amfani da karin harshen Thai a 2006, suka ga yaran masu Turanci sun ja baya tsakanin wata 6 da wata 9, na masu Sinanci kuwa ba su ja ba.

Malama Hadiza

Na gode ƙwarai, Malam da Malama. Sai dai na lura ko a misalan nan, sautukan ne ake ɗaukowa daga nesa, amma yaran da ake zaunarwa gaban lasifika yawanci 'ya'yan masu Turanci ne. Shin wannan bai rage wa sakamakon ƙarfi ba?

Malam Ɗanlami

Ya rage masa, Malama, kuma masanan da kansu sun ƙidaya giɓin. Evan Kidd da Rowena Garcia sun bi manyan mujallu huɗu na nazarin harshen yara, tun daga 1974 zuwa 2020, suka buga sakamakon a 2022. Harsuna 103 kacal suka samu an yi rubutu a kansu cikin kimanin 7,000 da ake da su, wato wajen kashi ɗaya da rabi cikin ɗari, kuma sama da rabin maƙalun a kan Turanci suke. Wannan yana damuna sosai, domin abin da harshe yake ɗora wa kunnen yaro ya bambanta. Yaron da ke tasowa da Hausa dole ya kula da tsawon wasali da karin sama da na ƙasa da na faɗau a lokaci guda, ban da haɗiyau da tunkuɗau da ra iri biyu. Wanda ke tasowa da Thai ko Sinanci yana fuskantar kari mai hawa da sauka a cikin gaɓa ɗaya, wanda tsarinsa daban yake da na yawancin harsunan Afirka, don haka sakamakon Thai ba zai tsaya a madadin Yarabanci ko Hausa ba.

Yadda yaro yake samun maganar ma ya bambanta. Kuhl ta nuna a 2003 cewa jariran Amurka 'yan wata 9 da suka yi zama 12 da masu Sinanci ido da ido sun riƙe bambancin sautukan Sinanci, amma waɗanda suka kalli darasin a talabijin ko suka saurare shi a faifai ba su koyi komai ba. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa sai an yi ta yi wa jariri magana kai tsaye. To amma Marisa Casillas da abokan aikinta sun rataya wa yaran masu harshen Tseltal a kudancin Meziko 'yar na'urar ɗaukar murya tsawon yini, suka tarar ba a cika fuskantar su da magana ba, duk da haka suna fara gwaranci da kalmomin farko a daidai lokacin da aka saba gani a wasu wurare. Wannan hanya ta ɗaukar murya ba ta bukatar ɗakin gwaji mai tsada, abin da ta fi bukata shi ne masu harshen da za su zauna su rubuta abin da aka ɗauka, su kuma sa alamar kari da tsawon wasali, aikin da baƙo ba zai iya yi da kyau ba. Idan kina neman batun kundin digiri, Malama, ina ba ki shawarar ki duba ta nan.