Na sayo kifin ado mai rauni daga shago, yaya zan yi jinyarsa a wannan sanyin hunturu?

Tambaya daga wata malamar makaranta, Malali

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna kiwon kifin ado, domin na ɗauki nauyin da ban taɓa ɗauka ba, kuma ina tsoron kada rashin sanina ya ƙarasa ran da na yi niyyar ceta.

Ranar Asabar da ta wuce na shiga wani shago a cikin gari inda ake sayar da tsuntsaye da zomaye da kifayen ado, da nufin saya wa mahaifiyata abincin akunta. A can gefe, bayan buhunan abinci, na hangi wani ɗan kifi shuɗi mai doguwar jela kwance a ƙasan robar ruwa da aka yanke, ruwan da ke cikinta bai kai cikin kofi biyu ba, kuma ya yi duhu. Yaron shagon ya ce sunansa beta, namiji ne, kuma an haɗa shi da wani namijin a akwatin gilashi ɗaya ranar da kaya suka iso, shi ne ɗayan ya yi masa kaca-kaca. Fiye da rabin jelarsa ya tafi, fiffikensa na ƙasa ya tsage gida uku, akwai kuma wuri a bayan kansa inda ɓawon jikinsa ya ɗaye. Da na tambayi abin da za su yi da shi, sai yaron ya ce jira suke ya mutu su zubar. Ban iya tafiya na bar shi ba. Na biya rabin kuɗinsa, aka zuba mini shi a leda, na kawo shi gida.

Yau kwanansa uku a wurina. Na sa shi a cikin kwalbar gilashi mai ɗaukar kamar lita 2, ina canza masa ruwa gaba ɗaya kowace safiya da ruwan famfo. Bai ci komai ba, ko da yake na gwada ba shi ɓurɓushin burodi. Yawancin lokaci yana kwance a ƙasa, sai can ya yunƙura ya taso sama ya buɗe baki kamar mai shaƙar iska, ya sake komawa. Jiya kuma na lura bakin jelar, inda aka yage, ya fara yin baƙi-baƙi.

Shin wannan tasowar da yake yi alama ce ta cewa iska ta ƙare a ruwan? Wane magani zan saya? Kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai: wata abokiyar aikina ta ce sayen da na yi kuskure ne, domin na nuna wa mai shagon cewa ko kifin da ya wulaƙanta zai kawo masa kuɗi. Ina son jin ra'ayinku a kan wannan ma.

Amsa daga wani dattijo mai kiwon kifin ado, Unguwar Rimi

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya saka miki da alheri. Kafin ki nemi kowane irin magani, ki gyara masa ruwa, domin a shekarun da na yi da waɗannan halittu na ga kifin da rauni ya kashe kaɗan ne idan aka kwatanta da wanda ruwan da aka ajiye shi a ciki ya kashe.

Tasowar da yake yi kada ta tayar miki da hankali. Asalin wannan kifi daga ƙasar Tailan ne, inda yake rayuwa a fadamun shinkafa da kududdufai marasa zurfi, kuma Allah ya yi masa wata gaɓa a cikin kansa wadda yake shaƙar iskar sarari da ita kai tsaye. Saboda haka ne ma masu shago suke samun damar ajiye shi a ɗan ruwa ba tare da ya mutu nan take ba, sai mutane su ɗauka hakan yake so. Abin da wannan ya nuna miki shi ne kada ruwan ya yi masa zurfi yanzu da ba shi da jelar iyo. Zurfin taƙi ɗaya ya isa.

Abu biyu ne suke cutar da shi a hannunki. Na farko ruwan famfo, wanda ake sa masa sinadarin kulorin don kashe ƙwayoyin cuta. Mu ba ya yi mana illa, amma kifi yana ƙone masa wurin numfashi da fatar da ta riga ta buɗe. Ki tara ruwan a bokiti, ki bar shi a buɗe kwana ɗaya cur kafin ki yi amfani da shi, kuma idan kin samu maganin cire kulorin na ɗigawa, wanda masu sayar da kayan kifi kan ajiye, ya fi tabbas, domin akwai nau'in sinadarin da ba ya fita da ajiya kawai. Idan kuna da burtsatse mai ruwa garau, shi ma ya yi, amma ki tsaya a kan ruwa iri ɗaya, kada yau wannan gobe wancan.

Na biyu sanyi. Beta yana son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 28, alhali a Disamba da Janairu sanyin asuba a Kaduna yakan sauko kusan digiri 15, kuma kwalbar lita 2 tana hucewa cikin ɗan lokaci. Kifi ba ya ɗumama jikinsa da kansa, idan ruwa ya yi sanyi sai cin abinci ya tsaya, warkewa ma ta tsaya. Ki nemi sabuwar roba mai faɗi wadda za ta ɗauki lita 15 zuwa 20, wadda omo ko sabulu bai taɓa shiga cikinta ba, ki ajiye ta a ɗakin da ya fi ɗumi, nesa da taga da siminti. Ƙaramar hita ta akwatin kifi mai tsayawa da kanta ita ce ta fi, amma tunda wuta ba ta zama, ki naɗe robar da bargo da dare, kuma idan sanyi ya tsananta ki cika gorar roba da ruwan ɗumi, ki rufe ta sosai, ki bar ta tana yawo a ciki. Kada ki taɓa zuba masa ruwan zafi kai tsaye. Ki rufe saman da abin da iska za ta ratsa, domin suna tsalle.

Ki daina juye ruwan gaba ɗaya. Kashi ɗaya cikin uku kowace rana ya wadatar, da ruwan da ya kwana a ɗaki ɗaya da shi don ɗuminsu ya zo daidai, kina zuƙe kashinsa daga ƙasa da siririn tiyo. Kashin da numfashinsa suna sakin amoniya, ita ce dafin da ke taruwa a ƙaramin mazubi.

Game da maganar abokiyar aikinki, gaskiya tana da hujja. Na sha ganin mai shago ya sayar da mara lafiya, ya cike gurbinsa da wani a robar nan dai. Ni a yanzu nakan roƙi a ba ni irin wannan kifi kyauta, idan aka ƙi kuma in tafi da ciwon zuciyata.

Amsa daga wani mai kiwon tarwada, Rigachikun

Malama, sannu da ƙoƙari. Ni ban taɓa kiwon kifin ado ba, tarwada nake kiwo a tankuna, amma raunin cizo abu ne da muke gani kullum, musamman idan an bar manya da ƙanana wuri ɗaya. Duk abin da Baba ya faɗa a kan ruwa haka yake. Abin da zan ƙara shi ne gishiri, wanda shi ne maganinmu na farko bayan mun tace kifi ko mun yi jigilarsa, domin yana rage masa wahala kuma yana hana farin abin nan mai kama da auduga ya tsiro a kan ciwo. Idan ciwo ya ƙi, wasunmu kan fasa kafson nan ja da rawaya su zuba a ruwa.

Burodi kuwa ki daina, ruɓewa kawai zai yi ya ɓata ruwan. Idan ba ki samu abincinsa na musamman ba, mafi ƙanƙantar ƙwayar abincin 'ya'yan tarwada za ta riƙe shi na ɗan lokaci.

A kan sayen, da girmamawa na saɓa da Baba. Kifin da ke gabanki shi ne ke jin zafin, ba wanda za a kawo gobe ba. Mun san hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa aka gafarta masa, kuma aka ce akwai lada a kan kyautata wa duk wani mai rai. Rabin kuɗin kifi ɗaya ba shi ne zai gyara ko ya ɓata halin mai shago ba.

Amsa daga wata likitar dabbobi, Barnawa

'Yar'uwa, baƙin da kika gani a bakin jelar shi ne ya fi jan hankalina. Yagewar da faɗa ya jawo takan kasance da baki mai tsabta, amma idan gefen ya fara yin baƙi ko ja, yana zaizayewa kullum, to ruɓewar fiffike ta fara, wato ƙwayoyin bakteriya da dama can suna cikin ruwa sun samu ƙofa. A matakin farko irin wannan, ruwa mai tsabta da ɗumi yakan tsayar da ita ba tare da wani magani ba. Ki ɗauki hotonsa da waya kowace safiya daga gefe ɗaya, domin ido yana ruɗin mai jinya, hoto kuwa zai nuna miki ko jelar tana raguwa ko ta tsaya.

Na yarda da Alhaji mai tarwada a kan gishiri, amma da awo, domin beta ba shi da juriyar tarwada. Cokalin shayi ɗaya, a shafe ba a tula ba, ga kowace lita 5, wato kusan giram 1 a lita. Ki narkar da shi a kofi tukuna, ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan cikin sa'o'i. Gishiri ba ya bin tururi ya fita, saboda haka idan kin canza lita 5, na lita 5 ɗin kawai za ki mayar. Kada ki wuce kwana 10. Gishirin da ake sayarwa don akwatin kifi ya fi, idan babu shi ki nemi tsurar gishiri marar haɗi.

Kafso kuwa ina roƙonki kada ki fasa, kuma Alhaji ya yi mini haƙuri, domin wannan ɗabi'a tana damunmu ƙwarai a wannan aiki. Ba a san adadin da ya dace ba, ba a san ko ƙwayar cutar tana jin maganin ba, kuma zuba irin waɗannan magunguna barkatai shi ne ke sa su daina aiki a jikin dabba da na mutum. Idan bayan kwana 5 ruɓewar tana ci gaba har ta doshi jikinsa, ko ciwon bayan kan ya zurfafa, ko cikinsa ya kumbura ɓawonsa ya mimmiƙe, a nan ne za a nemi likitan dabbobi, kuma Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ba shi da nisa da mu. Idan farar auduga ce ta fito, shuɗin maganin nan metilin bulu yana aiki, amma ki bi awon da ke jikin kwalbar.

Akwai haɗari guda da ba a ambata ba, kuma ya kashe kifaye da yawa a gidajenmu: maganin sauro. Na fesawa da na kunnawa duka dafi ne mai ƙarfi ga kifi, ƙanƙanin da ya sauka a kan ruwa ya isa, balle ga kifin da ke shaƙar iskar ɗaki. Kada a yi amfani da su a ɗakin da yake. Ki kuma wanke hannunki da ruwa zalla kafin ki taɓa ruwansa, saboda man shafawa da turare.

Rashin cin abinci na kwana uku ba abin tsoro ba ne, lafiyayyen kifi yana jure fiye da mako. Idan ruwan ya yi ɗumi, ki gwada ƙwaya 2 ko 3 sau biyu a rana, ki tsame abin da ya bari. Shi mai cin ƙwari ne, 'ya'yan sauron da ke wutsil-wutsil a ruwan da ya kwanta sukan tayar masa da sha'awa, in dai ba daga kwata aka ɗebo su ba.

Daga mai tambaya, bayan kwana 12

Baba, Alhaji, Likita, Allah ya saka muku da alheri. Na sayi roba mai lita 20 a Kasuwar Barci a ranar da na karanta amsoshinku, na cika ta zuwa rabi, na mayar da shi ɗakin da muke kwana, muka koma shiga gidan sauro maimakon fesa magani. Na samu ma'aunin zafi, kuma da bargo da gorar ruwan ɗumi ruwan bai sauka ƙasa da digiri 23 ba ko da asuba. A rana ta uku ya ci ƙwaya ɗaya, washegari ya ci uku. Na tsayar da gishiri a rana ta takwas. Hotunan sun nuna baƙin ya daina yaɗuwa tun rana ta biyar, kuma yanzu akwai wani siririn gefe fari kamar leda a bakin jelar. Da farko na tsorata, na zaci audugar ce, amma sumul yake ba shi da gashi, kuma kullum yana ƙara faɗi.

Na koma shagon ranar Alhamis, na samu mai shagon da kansa, na nuna masa hoton ranar farko da na safiyar ranar da na je. Ban yi masa faɗa ba, na dai gaya masa cewa maza biyu ba sa zama wuri ɗaya, kuma asararsa ce idan suka yayyaga juna. Ya saurare ni, ya sa yaron ya raba waɗanda suka rage a gabana, sai dai har yanzu a ƙananan robobi suke, kuma na ga ɗaya daga cikinsu ya fara naɗe fiffikensa. Na roƙi ya ba ni shi kamar yadda Baba ya ce yana yi, ya ce in dawo ranar Litinin idan ba a saye shi ba. Likita, idan na karɓo shi, shin zan iya raba robar gida biyu da raga, ko kuwa dole ne in nemi wata dabam tunda ban san ciwon da ke jikinsa ba?