Sabis ya cika, saukewa lafiya lau, amma ɗora bidiyo ya ƙi: wa ke raba hanyar aikawa a 4G?

Sani_Fagge

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masu aikin eriya. A wuraren cunkoso, kamar kasuwa da rana ko unguwa bayan isha'i, sai ka ga sandunan sabis sun cika, bidiyo yana sauka babu tsaiko, amma tura fayil ɗaya ta WhatsApp ya zama aiki. Shin wayoyi rige-rigen aikawa suke yi, mai ƙarfi ya danne mara ƙarfi, ko akwai mai rabo? In akwai, da wane ma'auni yake rabawa?

Inj. Bashir

Wa alaikumus salam Malam Sani. Babu rige-rige. A 4G waya ba ta tura data sai da izini, kuma mai ba da izinin wata manhaja ce a na'urar eriya, mu ce mata mai rabo. Kowane milisakan 1 take sake yanke hukunci, wato sau 1000 a sakan guda.

Abin da take rabawa gurabe ne. Kowane gurbi faɗinsa kHz 180. Zango mai faɗin MHz 20 yana da gurabe 100, na MHz 10 yana da 50, kuma ba duka ake samu ba, don na gefe-gefe an keɓe su ga saƙonnin sarrafawa. Ga yadda abin yake tafiya idan ka danna tura:

Wayar za ta jira lokacin da aka ware mata na ɗaga hannu, wanda ke zagayowa kowane milisakan 5, 10, 20 ko fiye, gwargwadon saitin kamfani. Wannan ɗaga hannun ba ya faɗin yawan kaya, "ina da abin turawa" kawai yake nufi. Eriya ta ba ta ɗan ƙaramin izini. A tsarin FDD, wato inda aikawa da saukewa kowanne ke da mitarsa daban, milisakan 4 bayan izinin wayar za ta aika, kuma a ciki za ta saka rahoton yawan kayan da suka taru mata, wanda ake kira BSR. Sai a lokacin mai rabo ta san ko gurbi 2 za ta bayar ko 40. Kafin kaya na gaske su tashi, milisakan goma sha wani abu ya wuce cikin sauƙi.

In eriya ba ta ji ɗaga hannun ba har aka kai iyakar maimaici, wayar sai ta koma neman shiga tun daga farko, kamar wadda ta zo yanzu. A nan ne mutum yake jin abu ya tsaya cak sannan ya ci gaba.

Maryam_RF

Injiniya ya kawo tsarin daidai, amma ina ganin abin da ya fi damun Malam Sani ƙarfin waya ne, ba jiran izini ba. Sandunan nan ƙarfin muryar eriya suke aunawa a wurinka, ba su san yadda eriya ke jin taka ba. Eriya tana magana da wat gommai. Wayar hannu kuwa iyakarta miliwat 200, wato dBm 23.

Kuma wannan 200 ɗin rabawa ake yi a kan guraben da aka ba ka. In aka ba ka 50, kowanne ya samu miliwat 4. In 5 ne, kowanne 40. Wanda ke cikin ɗakin siminti can ƙarshen yankin da eriya ke kaiwa, in aka ba shi 50, ko ɗaya ba zai isa eriya da ƙarfin da za a iya karantawa ba. Shi ya sa waya take tura rahoton sauran ƙarfin da ya rage mata, mai rabo kuma ta rage mata gurabe, ta sauko da ita daga salon tura sigina na 16QAM zuwa na QPSK, mai ɗaukar bit 2 maimakon 4 a kowace alama. Ko da zangon babu kowa, wannan mutumin ba zai yi gudu ba.

Batun ma'auni kuwa, ƙungiyar 3GPP, mai tsara ƙa'idojin 4G, ta tsara saƙonnin ne kawai, ba ta tsara lissafin rabon ba. Ericsson, Huawei, Nokia da ZTE kowa da nasa. Wanda aka fi ginawa a kai shi ne a duba abin da waya za ta iya turawa a wannan milisakan ɗin, a raba shi da matsakaicin abin da ta samu a baya, mai babban sakamako ya shiga. Wanda ya daɗe bai samu ba lambarsa tana ta hawa har a kira shi. Da zagaye zalla ake yi, na nesa zai ci kaso daidai da na kusa, jimillar gudu ta ragu. Da mai kyawun sabis kaɗai ake bi, na nesa ba zai ga komai ba.

Wani abu kuma, ana saita gudun ne yadda kusan kashi 10 cikin 100 na turawar farko za su lalace a maimaita, kuma a FDD maimaicin yana zuwa bayan milisakan 8. Da dare wayoyin da ke kan eriyoyin maƙwabta suna ƙara hayaniya a kunnen eriyarka, gudu ya sauka, maimaici ya ci guraben da wani zai samu.

Sani_Fagge

Allah ya saka da alheri, Injiniya da Malama Maryam. To me ya sa kiran murya ba ya yankewa a lokacin? Kuma 5G zai magance wannan?

Kabiru Tasawa

Kira a kan VoLTE, wato kiran murya ta 4G, ajinsa daban: a lambobin ajin fifiko da ake kira QCI shi ne QCI 1, mai tabbataccen kaso. Datar yau da kullum yawanci a QCI 8 ko 9 take, abin da ya rage take ci. Murya fakiti ɗaya take fitarwa kowane milisakan 20, don haka ana iya ba ta izini na dindindin ba sai ta riƙa ɗaga hannu ba. Kiran WhatsApp bai da wannan gatan, layi ɗaya yake bi da bidiyon da kake ɗorawa.

5G kuwa, a yi hattara. Zangon GHz 3.5 da hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjonsa a Disambar 2021, MTN da Mafab suka samu, TDD ne: aikawa da saukewa a mita ɗaya suke, lokaci ake raba musu. Tsarin da ya yaɗu a duniya shi ne DDDSU, cikin ɗakuna biyar na rabin milisakan, uku na saukewa, ɗaya na sauyi, ɗaya tak na aikawa. Haka ma 4G na TDD a tsari na 2, biyu cikin goma ne na aikawa. Faɗin MHz 100 yana rufe wannan giɓin in kana kusa da eriya. In ka yi nisa ko ka shiga ɗaki, aikawa ce ke fara mutuwa, saboda mitar sama irin GHz 3.5 ba ta ratsa bango sosai, ga kuma miliwat ɗin nan da Malama ta faɗa.

Inj. Bashir

Ƙari a kan na Malam Kabiru, ga masu rawta a shago. Aikawa in ta toshe tana jan saukewa ƙasa, domin TCP, tsarin da intanet ke jigilar fayil da shi, sai ya mayar da shaidar karɓa ta hanyar aikawa, ita kuma tana bayan tarin hotunan da wata waya ke kwashewa zuwa Google Photos. Ku kashe wannan kwashewar da rana, ko ku ƙayyade aikawa a rawta ta tsaya ƙasa kaɗan da abin da gwaji ya nuna, misali kashi 80 zuwa 90 cikin 100.

Ban goyi bayan kulle rawta a MHz 800 don sandunan sun fi cika ba. Zangon ya fi ƙunci, kuma duk na nesa can suke taruwa. In 1800 ko 2600 yana kamawa a bakin taga, gwada shi a lokacin cunkoson, ka kwatanta lambar aikawa, ba ta saukewa ba. In za ka sa eriyar waje, wayar haɗin ta zama gajera, don asarar dB 3 a cikinta rabin ƙarfin rawtar ne ya tafi kafin ya fita iska.