Gasa dankalin turawa da ɓawonsa: me ya sa tsakiyar ba ta nuna?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema a kan gasa dankalin turawa guda-guda da ɓawonsa, irin wanda ake tsagawa a sa man shanu a ciki. In na naɗe shi a foyil na sa a oben, sai ɓawon ya fito a jiƙe kamar dafaffe, tsakiyar kuma da sauran tauri ko bayan minti 40. Zafi nawa ake sa wa, minti nawa yake ɗauka? Kuma da me ake haɗa shi in baƙi za a kai wa?

Mai Tanda:
Wa alaikumus salam Hajiya. Abu biyu ne suka haɗu miki: foyil da gaggawa. Dankali kusan kashi 80 cikin 100 ruwa ne. In kin naɗe shi, tururin ba shi da hanyar fita, sai ya dawo ya turara ɓawon. Wato turare kika yi, ba gashi ba. A oben, ajiye foyil ɗin gefe.

Ki zaɓi masu girma ɗaya, kamar giram 250 zuwa 300 kowanne. Ki wanke da soso ki fitar da ƙasar, sannan ki goge shi ya bushe ƙarau, domin ɓawo mai laima ba ya ƙandarewa. Ki soka masa cokali mai yatsu wuri takwas ko goma, don wani lokaci tururi kan tara ƙarfi ya fasa shi a cikin oben. Ki kunna oben tun minti 15 kafin ki sa, a digiri 200 (in na gas ne mai lamba, lamba 6). Ki jera su a kan ragar tsakiya kai tsaye, kada su taɓa juna, ki sa faranti a ƙasa.

Minti 40 bai isa ba. Mai wannan girman yana son awa ɗaya zuwa awa ɗaya da kwata. In ya yi minti 50, ki fito da su ki shafa wa kowanne rabin ƙaramin cokali na man gyaɗa, ki barbaɗa gishiri, ki mayar su ƙarasa. Wasu tun farko suke shafa man, amma a ƙarshe ya fi ba da ɓawo mai ƙaras-ƙaras. Gwajin nuna kuwa: ki soka siririyar wuƙa har tsakiya, in ta shige ba ta ci karo da komai ba, ya yi. Da ya fito ki tsaga shi nan take, ki riƙe da tsumma ki matsa gefe biyun ya buɗe. In kika bar shi a rufe ya huce, tururin ya koma ciki, sai ya yi danƙo.

Ɗan Bokkos:
Malam ya faɗi daidai, amma akwai batun iri. Wanda ake gasawa a Amurka, Russet, da su Maris Piper da King Edward na Ingila, masu gari ne, suna nuna su wargaje kamar dambu. Namu na Filato, wanda ake kawowa daga Bokkos da Mangu da Barkin Ladi, da yawansa Nicola ne, mai rawayan ciki. Shi ba ya wargajewa ko ya nuna, shi ya sa ya dace da fate da miya. Zai gasu, zai yi daɗi, sai dai kada ki sa ran ya yi gari sosai. Ki ce wa mai sayarwa ya tsinto miki manya, waɗanda suka kwana biyu ɓawonsu ya yi kauri, ba sabon tono mai saɓulewa da yatsa ba. Tunda namu bai cika girma ba, mai giram 150 minti 45 zuwa 50 ya ishe shi, ki lissafa biyu ga kowane mutum.

Wanda ya yi kore ko ya fara tsiro da yawa kada ki gasa shi, tunda da ɓawon za a ci. Koren alama ce ta wani dafi mai ɗaci da ke ɓata ciki, kuma wuta ba ta kashe shi. Ɗanye kuma ba a ajiye shi a firji, sitacinsa kan koma sukari, ya yi zaƙi-zaƙi ya yi saurin baƙi.

Gwaggon Yara:
Ga wadda ba ta da oben, tukunyar yashi da ake gasa kek ita ma tana yi. A zuba yashi mai tsabta kaurin yatsa uku, a rufe ya yi zafi minti 15, a ɗora ƙaramar raga don kada dankalin ya taɓa yashin, a rufe, a zuba garwashi kaɗan a kan murfin. A juya bayan rabin awa. A rushi kuwa, nan ne foyil yake da amfani: ninki biyu, a binne a toka mai zafi, ba a kan harshen wuta ba, minti 40 zuwa 45, ana juyawa.

Wajen ci, 'yata, gishiri da babban cokali ɗaya na man shanu su fara shiga, ki ɗan farfasa cikin da cokali mai yatsu su ratsa. Sai ki ɗora abin da kike so: niƙaƙƙen nama da aka soya da albasa da attaruhu har ruwansa ya ƙafe, ko kifin gwangwani da aka tsiyaye mansa, ko kindirmo mai kauri da yankakken lawashi da yajin ƙuli. Miya mai ruwa-ruwa tana jiƙa ɓawon, ki sa ta a kwano daban.

Uwar Biyu:
Allah ya saka da alheri. To in baƙin da yamma za su zo, zan iya gasawa da safe in bar shi a naɗe a kula?

Mai Tanda:
A'a Hajiya, wannan kam kada ki yi. Dankali daga ƙasa yake fitowa, kuma akwai wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa da zafin gashi ba ya gamawa da ita. Inda babu iska take yaɗuwa, foyil kuma ya toshe iskar, ɗumin kula ya ba ta abin da take so. Dafinta yana kawo gani bibbiyu da wahalar haɗiya, har ya kai ga shanye numfashi. A 1994 a garin El Paso na jihar Texas mutum 30 suka kamu ta dalilin dankalin da aka gasa a foyil aka bari a naɗe ba a sa a firji ba. In dole sai kin yi da wuri, ki cire foyil, ki bari ya sha iska, ki sa a firji kafin awa biyu. In sun kusa isowa ki mayar oben a digiri 200 na minti 20, har tsakiyar ta yi zafi rau. In wutar unguwarku ba ta da tabbas, ki wanke ki goge da safe kawai, ki kunna oben awa ɗaya da rabi kafin lokacin cin.